Waƙar da jama'a suka kasa amsawa, ta wa ce?

A tsofaffin majami'un Ingila, inda nake zaune, za ka tarar da allon katako a jikin bango an jera lambobin waƙoƙin ranar. Mai organ zai buga baiti ɗaya tukuna, jama'a su miƙe, su kama tare. A sababbin majami'u kuwa majigi ne ke haska kalmomi, ga jita ga ganguna, mutum biyar a gaba riƙe da makirufo, sauran jama'a na kallo suna ɗan motsa leɓe. Haka abin yake komawa a Jos da Kaduna da Kafancan, 'yan'uwa, shi ya sa nake magana.

Ni dai tsofaffin waƙoƙi nake so, ban ɓoye ba. Amma ba don sun fi tsarki ba ne. Ginin su ne na taro. Charles Wesley, wani mai wa'azi ɗan Ingila, ya rubuta waƙoƙi sama da 6,000, kuma mafi yawan irin waɗannan a kan ma'auni suke tafiya. Wanda ya fi yawa shi ne 8.6.8.6: layin farko gaɓa takwas, na biyu shida, a sake takwas, a rufe da shida. Kusan kowace gaɓa da sautinta ɗaya, muryar kuma ba ta cika wuce tazarar do na ƙasa zuwa do ko re na sama a tsanin do-re-mi ba. Tsohuwa za ta kai, yaro zai kai. Wanda bai taɓa jin waƙar ba, kafin baiti na biyu ya ƙare ya kama.

Waƙar zamani an ɗauke ta ne a situdiyo daidai da muryar mutum guda. Baitin yana ƙasa can, amshin ya yi tsalle sama, maza su shaƙe, mata su yi shiru. Maganin yana jikin kibod ɗin: a sauke maɓallin da mataki biyu ko uku. Sai a rage lasifika. Idan mutum bai ji muryar na kusa da shi ba, zai ɗauka shi kaɗai ke rerawa, kunya ta rufe masa baki.

Namu na Littafin Waƙoƙi ma ba a rasa su da aibu ba, kuma masu kare su ba sa son a faɗa. Karin waƙar na Turawa ne, aka ɗora masa Hausa. Inda Bature ke da kalma mai gaɓa ɗaya, mu Ubangiji muke da shi, gaɓa huɗu. Alheri uku, gicciye uku. Dole mai fassara ya yar da rabin ma'ana ko ya cusa gaɓa biyu a gurbin ɗaya. Ga kuma tsawon wasali da karin sauti, waɗanda su ke rarrabe kalma a Hausa. Ja "ga" ɗin gari ya yi tsawo, ka bar zancen birni ka koma na tuwo. Kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne kawai tsakaninsu, karin Bature kuwa bai san da wannan ba. Mun saba ne, kunne ya daina ƙorafi.

Sai jan waƙa. A gida, musamman inda babu kayan kiɗa, ana jan baiti kamar ana raka gawa. Numfashi ya ƙare a tsakiyar layi, a ja sabo, murya ta ɗan sauka, kafin baiti na huɗu maza sun koma gunaguni. Mai jagora ya ba da sautin farko sarai, ya riƙe bugun da hannu, kowane layi a numfashi ɗaya. A nan Ingila organ ne ke hana su wannan, ba ƙwarewa ba.

Waɗanda suka warware matsalar tuntuni su ne Zumuntar Mata, a majami'un ECWA da COCIN da EYN duka. Tulu, ganga, kacau-kacau, mace ɗaya ta bayar, saura su amsa. Kalmar da karin tare aka haife su, babu gaɓar da aka murɗe wa wuya, kuma amshin gajere ne, wadda ba ta iya karatu ba ma tana ciki. Abin da ba su cika ɗauka ba shi ne dogon koyarwa mai baiti biyar, daga haihuwar Almasihu zuwa tashinsa, wanda tsohuwar waƙa ke yi a minti huɗu.

Da ni ke tsara sujada, zan buɗe da ta littafi, baitocinta duka ba a datse na uku ba, mata su karɓi lokacin baiko, matasa su kawo guda ɗaya tasu, a maɓallin da Baba na bencin baya zai iya kaiwa.