"Ai Kare Ne": Yadda Aka Sayar Mini da Masara a Kuɗin Nama

Sau biyu ɓarayi suka haura mana katanga a damina ɗaya. Zuwan farko suka kwashe batiran sola, na biyu suka ciro injin jan ruwa har da wayarsa. Unguwarmu sabuwa ce a bayan garin Kaduna, tsakanin gida da gida sai kango da ciyawa. Shi ya sa na bi shawarar maƙwabta na sayo ɗan kwikwiyo mai wata biyu, irin wanda mutane ke kira karen 'yan sanda. Yara suka raɗa masa Duna. Wanda ya sayar mini ya ja kunnena cewa irin wannan ba a rainonsa da ƙanzo da sauran tuwo, sai busasshen abincin buhu wanda aka haɗa musamman don 'yan kwikwiyo. Na ce to.

Na shiga wani shagon kayan dabbobi a cikin gari, mai shagon ya tarbe ni da fara'a har kunne. Ya jawo buhu mai kilo 15, an zana masa ɗan kwikwiyo ɓul-ɓul yana lasar baki, ga cinyar kaza, ga karas, ga ƙwai. "Alhaji, wannan ɗan waje ne, nama zalla." Kuɗin da na ƙirga masa ya kusa saya mini babban buhun masara a kasuwar ƙauye. Uwargida da ta ji farashin sai da ta riƙe baki, ta ce ko yaran gidan ba a taɓa kashe musu haka a abu ɗaya ba. Na daure, don ina ganin tsaro nake saye.

Mako shida ana zuba wa Duna wannan abu sau uku a rana. Ci kam yana ci kamar gara, amma duk wanda ya dube shi sai ya ƙirga haƙarƙarinsa. Gashinsa ya bushe ya yi furu-furu. Kashi kuwa tuli guda, rawaya, mai warin da ke korar mutum daga tsakar gida. Daga baya zawo ya biyo. Na ɗauke shi zuwa wurin likitar dabbobi ina zaton tsutsar ciki ce. Ta duba katin rigakafinsa, ta gwada kashinsa, ba ta ga komai ba. Sai ta ce, "Alhaji, koma ka kawo mini buhun."

Da na kawo, ko kallon hoton ba ta yi ba. Juya shi ta yi, ta ɗora yatsa a kan wani ɗan rubutu ƙanana da sai ka kanne ido. A nan na gane wautata. Ƙa'idar ita ce ana jera kayan haɗi bisa nauyi, abin da ya fi yawa shi ke zuwa farko. A buhuna masara ce ta farko, dusar alkama ta biyu, garin masara na uku. Wato masara ɗaya aka raba ta da suna biyu don kada ido ya ga yawanta. Sai a na huɗu aka rubuta wani abu wai "nama da abubuwan da aka samo daga dabba". Wace dabba? Wane sashe nata? Fata ce, ƙafa ce, gashi ne? Babu mai gaya maka. Kazar nan da ta cika gaban buhu, can ƙasa na same ta kusa da gishiri, ita ma ɗanɗanonta aka ce an sa. Ƙwayoyin ja da kore da na ɗauka nama da ganye ne, ashe rini ne, kuma don idona aka yi shi, don kare bai damu da launin abin da ke kwanonsa ba.

Likitar ba ta ce masara guba ba ce. Kare yana narkar da hatsi idan ya dahu sosai. Amma furotin ɗin masara kaɗan ne, bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma ya gaza a wasu sinadaran gina jiki da ɗan kwikwiyo ke buƙata yana girma. Ta ƙara mini da wata dabara da masu buhu ke yi: ko ka ga an sa ɗanyar kaza a farko, kada ka yi saurin murna, domin kusan kashi 70 cikin 100 na ɗanyen nama ruwa ne, kuma kafin a busar ake auna nauyin. Garin kaza da aka riga aka busar, aka kuma ambaci sunan dabbar a fili, ya fi wannan auki nesa ba kusa ba.

Sai lissafi. Akwai wata ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi a Amurka, AAFCO, wadda ma'auninta kamfanoni da yawa ke bi. Ta ce abincin ɗan kwikwiyo, bayan an cire danshi, kada furotin ya gaza kashi 22.5, kitse kuma kashi 8.5. Babban kare ne ake yarda masa da 18 da 5.5. Buhuna ya rubuta furotin 19, kitse 6, danshi 10. Likita ta danna wayarta: furotin ya tashi 21 da 'yan kai, kitse bai kai 7 ba. Ga hoton jariri a gaba, ga abincin da bai isa jariri ba a ciki. Rubutun da ya kamata a gani a jikin buhu, wanda ke shaida cewa abincin cikakke ne don girma, babu shi ko sama ko ƙasa. Adadin kalsiyam ma ba a rubuta ba.

Ko wannan 19 ɗin ba abin rantsuwa ba ne. Furotin da ake rubutawa a buhu, sinadarin naitirojin ake aunawa a ninka da 6.25, awon ba ya bambance naman kaza da gashinta. Ta wannan ƙofa aka shiga a 2007, lokacin da aka zuba melamin, wani sinadarin masana'anta mai yawan naitirojin, a kayan haɗin da aka kai Amurka daga Sin don awo ya nuna furotin mai yawa, karnuka da kyanwoyi suka yi ta mutuwa da ciwon ƙoda. Can ke nan, inda ake janye kaya daga kasuwa a yi shela. Nan fa, wa zai kira ka a waya ya ce dawo da buhu?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da likita ta kankare wata takarda da aka manna a gindin buhun. Ranar ƙarewar wa'adi ce a ƙarƙashi, ta wuce da wata huɗu tun kafin in saya. Ta ce in sansana. Warin tsohon mai, irin wanda mai ƙosai ta juya har ya gaji. Ni da ban taɓa kiwon kare ba, na ɗauka haka warin abincinsu yake. Kitsen da ake fesa wa ƙwayoyin nan zafi na lalata shi, bitamin ma suna tafiya. Sai na tuna inda na ga buhunan: jere a bakin shago, ƙarƙashin kwano, ranar Maris na dukan su. Idan kuma damina ta zo danshi ya shiga, sai funfuna. Mu da muka san masara da gyaɗa ba sai an yi mana bayanin funfuna ba. Gubarta, aflatoksin, hanta take ci, kuma kare na cikin dabbobin da ba sa jure ta. A ƙarshen 2020 an janye wani abincin kare a Amurka saboda ita, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta samu rahoton mutuwar karnuka fiye da ɗari. Allah ya taimake ni gwajin hantar Duna ya fito lafiya. Kuɗin gwajin dai daga aljihuna ya fita.

Na koma shagon da buhu a kafaɗa. Na nuna masa takardar da aka manna, ya ce shi haka aka kawo masa. Na nuna masa jerin kayan haɗi, ya ce shi ba ya karanta wannan. Kana sayar da abu shekara da shekaru, ba ka taɓa juya bayansa ba? To "nama zalla" a ina ka gani? Sai ya miƙo mini wata kwalba wai in saya, ƙwayar kalsiyam, ƙashinsa zai yi ƙwari. Ba don likita ta riga ta gargaɗe ni ba da na sake faɗawa. Ɗan kwikwiyon da zai zama ƙato, jikinsa bai iya tace kalsiyam a watannin farko ba, duk abin da ka ba shi sai ya zuƙe, ƙashi ya fito a karkace. Shi ya sa waccan ƙungiya ta yanke wa karnukan da za su kai kilo 32 iyakar kalsiyam kashi 1.8 a abincinsu. Mutumin da ya sayar mini da yunwa, yanzu yana son ya sayar mini da gurgunta.

Da ya ga na ɗaga murya, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai kare ne."

Wannan kalma ita ta hana ni barci. Lokacin karɓar kuɗi ba ka ce ai kare ne ba, ka rage mini. Kuɗin mutum ka karɓa, na gumi, cif-cif. Kuma na san dalilin da ya sa ya faɗe ta gabansa gaɗi: ya san Bahaushe zai ji nauyin tsayawa a bainar jama'a yana rigima a kan abincin kare. Mutane biyu da ke shagon ma murmushi suke yi. Da buhun abincin kaji ne aka yi wa haka, kaji ɗari biyar suka daina ƙwai, da unguwa ta taru. Da wannan kunyar tamu suke cin kasuwa. Ni kuwa dabbar da na ɗaure a gidana, ba ta da ikon fita ta nemi nata, haƙƙinta a wuyana yake, ko kare ce ko akuya.

Kada ma a yi maganar masu farke babban buhu suna aunawa a leda kamar garin kwaki. Babu suna, babu wa'adi, babu lambar NAFDAC, babu jerin komai. Aka ce maka na kwikwiyo ne, sai ka yarda.

Yanzu Duna na kan wani abincin da likita ta duba da idonta, garin kaza ne a farkon jeri. Cikin mako guda muka sauya masa, kullum ana ƙara sabon ana rage tsohon abin da ta ba mu na riƙon ƙwarya, don kada cikinsa ya sake ɓaci. Kashin ya ragu da rabi, haƙarƙari sun fara ɓuya. Kuɗina kuwa ba su dawo ba, mai shago ya nuna mini gindin rasit inda aka rubuta ba a mayar da kaya. Ragowar buhun na nan a gareji. Uwargida ta ce a watsa wa kaji, likita ta ce kul. Shekaranjiya na bi ta gaban shagon da azahar, buhunan na jere a rana inda na bar su, wata mata tana ciniki da ɗan kwikwiyo a cikin kwali.