Wai ɗana bai yarda da kansa ba

Makon jiya na je makarantar su Abba a nan birnin Malmo na ƙasar Suwidin, irin ganawar da ake yi kowane zango tsakanin malami da yaro da iyayensa. Tun daga ƙofa yara ke cire takalma, ga rigunan sanyi a rataye kowace ƙarƙashin sunan mai ita, a zaunar da ke kan 'yar kujerar yara, yaro kuma ya kira malamarsa da sunanta gatsal. Ta ce wa Abba ya faɗi abin da ya fi iyawa. Yaron ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Sai ta juyo gare ni da murmushi, wai ko ina yabonsa a gida, don da alama bai yarda da kansa ba.

Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Ba na musun abin da suke da shi. Suwidin ce ƙasar farko da ta haramta dukan yara, tun 1979, kuma iyaye na raba hutun haihuwa na kwana 480. Za ki ga uwa ta durƙusa a tsakiyar kanti, cikin jibgegiyar rigar sanyi, ta daidaita idonta da na ɗan shekara uku mai birgima, tana tambayarsa me yake ji, mutane na ratsa su ba mai ko kallo. Yaransu na tashi da baki, ba sa shakkar kowa. Madalla.

Amma sunkuyar da kai gaban babba ba raina kai ba ne. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa cewa na yi kyau ba, don kunya da gudun bakin mutane. Sai dai tun ina ƙarama ni take damƙa wa kuɗin adashi in kai, ni ta fara bar wa muciya. Wanda aka yarda da shi haka ai ya san ko shi wane ne, ko ba a faɗa masa kullum ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, Inna ta iya yin shirunta ne saboda akwai masu magana a madadinta. Kaka na nan tana yi mini kirari, tana kirana kishiyarta. Gwaggo na nan, kawu na nan da ɗan tsire in na ci jarrabawa. A nan fa? Ni ce uwa, ni ce kaka, ni ce gwaggo, a hawa na huɗu, lokacin sanyi duhu ya rufe tun la'asar. Kakarsa kan ce masa "mijina" ta WhatsApp, kafin ya gama dariya intanet ya yanke.

Shi ya sa na gaya wa babansa, hutun Yuni zuwa Agusta na bana, ko da bashi ne, a Katsina Abba zai yi shi, a ɗakin kakarsa.