Kanzon Green Day ya fi tuwon tsada

Tsakanin Janairun 2023 da Oktoban 2024, Green Day, ƙungiyar mawaƙan punk (wani salon kiɗan rock) ta Amurka, ta fitar da akwatunan tunawa da tsofaffin kundayenta har uku: na Nimrod, na Dookie, sai na American Idiot. Na ƙarshen nan manyan faifai takwas ne da na bidiyo biyu, an cika su da gwaje-gwajen ɗakin ɗaukar sauti, da wasannin dandali, da waƙoƙin da aka taɓa maƙalawa a bayan ƙananan faifai. Kamar hakan bai isa ba, a Oktoban nan dai suka rarraba waƙoƙin Dookie ɗaya-ɗaya a kan tarkace: wata a buroshin goge baki, wata a tsohon faifan kwamfuta, wata a kaset ɗin wasan Game Boy. Kowanne 'yan ƙalilan aka yi, sai wanda ƙuri'a ta faɗa wa zai samu ya saya. An yi ta yabawa wai barkwanci ne. Ni dai ban ga abin dariya ba.

Waɗannan fa yaran da suka tashi a zauren 924 Gilman Street ne a Berkeley, wurin da 'yan sa-kai ke gudanarwa don yaro mai 'yan canji a aljihu ya shiga ya ji kiɗa. Kuma sun san yadda ake yin abin a mutunce, domin sun taɓa yi. A 2002 sun tattara waƙoƙinsu na bayan faifai da na nan-da-can guda 14 a kundi ɗaya mai suna Shenanigans, faifai guda, kuɗin faifai guda. Shi ke nan.

Dalilin da ya haifar da irin wannan kundi ai ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramin faifai gefe biyu gare shi. Gefen gaba na gidajen rediyo ne, nan kamfani ke sa ido. Gefen baya babu mai kula da shi, nan mawaƙa ke sakewa su gwada abin da ransu ke so. Faifan kuwa wata biyu ya ɓace daga kanti, ko kuma a wata ƙasar kaɗai aka buga shi. Wanda ya makara, ko yake nesa, sai dai ya faɗa hannun 'yan kama-wuri-zauna masu tsawwala kuɗi. Kundin tattarawa maganin wannan ne.

Babu inda aka fi ganin haka kamar a Black Market Clash, wanda ƙungiyar The Clash ta Landan ta fitar a 1980. Kamfanin CBS ya ƙi fitar da kundinsu na farko na 1977 a Amurka, wai sautinsa ya yi gautsi, sai a 1979 ya sauko, bayan Amurkawa sun yi ta sayen wanda ake shigo da shi daga Ingila da tsada. Ƙananan faifansu ma haka suke wahalar samu a can. Sai aka tara waƙoƙi tara a faifai mai inci 10, aka sa masa kuɗi mai sauƙi.

A duba labarin waƙa ɗaya daga ciki, "Capital Radio". A 1977 kyauta aka raba ta ta hannun jaridar kiɗa ta NME. Kafin a ankara, faifan kyautar nan ya zama kayan gwal a wurin dillalai. Abin ya ɓata wa mawaƙan rai har suka koma suka sake ɗaukar waƙar a 1979, don kada masoyinsu ya zuba kuɗi a aljihun ɗan kasuwa, sannan suka sa ta asalin a Black Market Clash. Ƙarancin kaya a wurinsu abin kunya ne da ya kamata a kawar. Yau kamfanoni su ke ƙirƙirar ƙarancin da hannunsu, su buga lamba a jikin kwali, su kira shi gata.

Kuma kundin yana da abin faɗi, ba tsince-tsince ba ne kawai. Wanda ya saurare shi zai gane yadda kiɗan Jamaika ya ratsa jinin waɗannan samarin Turawa: ga waƙar Toots and the Maytals da suka maimaita, ga "Armagideon Time" ta Willie Williams wadda suka ɓoye a bayan ƙaramin faifan London Calling, ga aikin da suka yi da Mikey Dread. Hoton bangon ma Don Letts ne, abokin ƙungiyar mai shirya fim, shi kaɗai a titi, 'yan sanda sun yi sahu a gabansa, lokacin tarzomar bikin Notting Hill na 1976. Cikin abin da bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba an nuna maka wata fuskar ƙungiyar. Wannan aikin zaɓe ne, wani ya zauna ya tace ya zubar da dusa. Akwatin faifai takwas kuwa babu wanda ya tace komai, an kwashe ɗakin ajiya ne an juye wa mai saye.

Masu cewa ai ba a tilasta wa kowa saye ba, su tuna cewa da wannan hujjar babu ɗan kasuwar da zai taɓa yin laifi. Masu cewa komai yana Spotify kuwa, su je su lalubo waƙar kirki guda a cikin gwaji goma sha na waƙar da suka riga suka sani, in sun gama mu yi magana.

Kada a ɗauka ina wanke The Clash ne. Mutanen da suka dage aka sayar da London Calling mai faifai biyu a kuɗin faifai ɗaya, suka yafe wani kaso na haƙƙinsu don Sandinista! mai faifai uku ya yi araha, su ne a 2013, shekara 11 bayan mutuwar babban mawaƙinsu Joe Strummer, suka fito da Sound System, akwati mai siffar rediyo-kaset ɗauke da faifai 12. Furfura da asusun banki sukan sauya mutum. Haka ranar shagunan faifai da aka faro a 2008 don ceto ƙananan kantuna: yanzu ana buga 'yan ɗaruruwa, a yi layi tun asuba, kafin azahar kayan sun bayyana a kasuwar intanet ta eBay da ninkin kuɗi. Su wa aka ceta?

Abin da nake nema bai da yawa. Duk ƙungiyar punk da ke da waƙoƙi a warwatse, ta zaɓi masu kyau, ta zuba a faifai ɗaya, ta sa kuɗin da ɗan makaranta zai iya biya, kuma a ci gaba da bugawa muddin akwai mai nema. In lauyoyin da ke cin kasuwar tuna baya suna son akwati mai kwalliya, a yi musu nasu daban, amma kada a kulle waƙa ko ɗaya a ciki. Buroshin goge baki kuwa, Billie Joe Armstrong, jagoran Green Day, ya riƙe abinsa.