'Yan Viking sun fi kama da mu a kan jikokinsu

A Täby, arewa da birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, akwai duwatsu tsaye bakin wata tsohuwar hanya, an sassaƙa musu rubutun da ake kira run, na 'yan Viking, wato mayaƙan teku kuma fataken arewacin Turai na zamanin da. Haruffa 16 ne kacal, yawancinsu miƙaƙƙun layuka, don su yi sauƙin ƙwaƙulewa a itace da dutse. Wani mai hali, Jarlabanke, shi ya kafa su a ƙarni na 11 tun yana raye. Ya sa aka rubuta cewa shi ya gina gadar da ke wurin domin ceton ransa, kuma shi kaɗai ya mallaki Täby kaf ɗinta.

Wallahi duk Bahaushen da aka karanta wa wannan sai ya yi murmushi. Ai Alhajin garinmu ne sak: ya haƙa rijiya, ya kafa allo da sunansa, ga neman lada ga neman suna. Wasu duwatsun kuma yabon mamaci suke da cewa ba ya rowar abinci. Sarakunansu ma da kyautar awarwaron azurfa suke riƙe mayaƙa, mawaƙa na wasa su. Mai arzikin da bai ci da mutane ba, ba a ɗauke shi bakin komai ba.

To amma jikokinsu da nake zaune cikinsu a Suwidin sun juya wa wannan ɗabi'a baya. Maƙwabcina yana da kamfani, amma kullum a tsohon keke yake fita, da kwanon abincinsa a jaka. Idan kuka sha shayi tare, kowa ya biya nasa. Mutum ya faɗi abin da ya mallaka abin kunya ne, alhali kowa na iya tambayar hukumar haraji nawa wane ya samu bara, a gaya masa. Da farko rowa na ɗauke shi. Yanzu kam na fi son tsarinsu: asibiti da makaranta daga haraji suke fitowa, talaka bai durƙusa wa kowa ba kafin a duba ɗansa. Namu alherin yana da ɗumi, amma ranar da Alhaji ya yi fushi da kai fa?

Akwai kuma tambayar da maroƙi ba ya yi, a can da nan: ina kuɗin suka fito? Dutsen Ulf na Borresta ya yi alfahari da cewa sau uku yana karɓar rabonsa a Ingila. Kuɗin a-zauna-lafiya ne da Turawan Ingila ke biya don kada a ƙone musu gari; a 991 kaɗai azurfa mai nauyin fam 10,000 suka bayar. A Gripsholm, wata uwa mai suna Tola ta kafa wa ɗanta Harald dutse, aka rubuta cewa shi da abokan tafiyarsa sun tafi nesa neman zinariya, suka mutu a kudu, a Serkland, wato wajen ƙasashen Musulmi.

A 1999 aka tono azurfa mai nauyin kilo 67 a Spillings, tsibirin Gotland, har da tsabar kuɗi sama da 14,000, galibi dirhami masu rubutun Larabci. Ibn Fadlan, wani matafiyi daga Bagadaza da ya gamu da 'yan Viking a bakin kogin Volga a 922, ya ce duk dirhami 10,000 da namiji ya tara sai ya ƙera wa matarsa abin wuya guda. Ya kuma faɗi hajar da suka zo da ita: fatun dabbobi da kuyangi.