Wanke hannu a banɗakin jama'a: takarda ta fi min na'urar iska

Lokacin da na fara zama a Ingila, na sha mamakin banɗakunan tashoshin jirgin ƙasa da na filayen jirgin sama, domin kusan komai yana aiki ba tare da an taɓa shi ba. Da ka miƙa hannu sai ruwa ya zubo, ka matsa gefe sabulu ya ɗigo, sannan wata na'ura a jikin bango ta hura maka iska mai ƙarfi. A lokacin na ɗauka duk wanda ya fito daga irin wannan wuri hannunsa fes yake. Shekarun da na yi ina lura da yadda jama'a suke amfani da kayan nan sun sauya min tunani.

A inda na fito, abin da ya fi damun mutum shi ne ya shiga makewayin jama'a ya tarar babu ruwa ko babu sabulu, kuma wannan matsala ce ta duniya: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a 2020 mutum biliyan 2.3 ba su da wurin wanke hannu da ruwa da sabulu a gidajensu. A nan kuwa kayan suna nan birjik, amma gaggawa ta hana a more su. Sau da yawa nakan ga mutum ya jiƙa kan yatsunsa, ya yarfe, ya kama ƙofa ya fice, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikakken wanki yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) kuma ta ce murzawa da sabulu kaɗai kada ta gaza daƙiƙa 20. Dalili shi ne sabulu yana kwance maiƙon fata ne wanda ƙwayoyin cuta suke maƙalewa a ciki, kuma sai an murza bayan hannu, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce, kafin ruwan ɗauraya ya tafi da su. Zafin ruwa ko sanyinsa ba shi ne abin dubawa ba, haka nan ba sai an nemi sabulu na musamman ba, domin a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta hana sa sinadarin tiriklosan mai kashe ƙwayoyin cuta a sabulun wanke hannu na gida, bayan kamfanoni sun kasa nuna cewa ya fi sabulu na yau da kullum amfani.

Busarwa ce ta fi jan hankalina, domin ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe saurin ɗaukar ƙwayoyin cuta da kuma barin su a kan duk abin da ya taɓa, don haka wanda ya wanke sosai amma ya fita da lema ya zubar da wani kaso na wahalarsa. Tsohuwar na'urar iska mai ɗumi tana da jinkiri ƙwarai, kuma da wuya ka ga wanda ya yi haƙurin jiran ta gama, musamman idan akwai layi a bayansa. Ƙarshenta sai ya shafe sauran ruwan a jikin wandonsa. Sabuwar mai ƙarfin iska, irin wadda kamfanin Dyson ya fitar a 2006, ta rage wannan jira, sai dai ta zo da nata abin tambaya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Lids a 2014 ya gano cewa ƙwayoyin da ke yawo a iska kusa da irin wannan na'ura sun ninka na wurin da ake amfani da takarda sau 27. Adalci ya sa dole in ambata cewa ƙungiyar masu sana'ar takarda ta Turai ce ta ɗauki nauyin binciken, kuma masu ƙera na'urar sun yi jayayya da shi. Duk da haka hankali yana ɗaukar bayanin: idan hannu bai wanku ba, iska mai ƙarfi za ta watsa abin da ya rage, ita kuwa takarda tana goge shi ne ta tafi da shi kwandon shara.

Na san hujjar masu goyon bayan na'ura, wato rage shara da sare itatuwa, kuma ban raina ta ba. Amma takarda tana da wani amfani da na'ura ba za ta taɓa yi ba: da ita mutum zai rufe famfo, ya kuma kama mariƙin ƙofa, wanda duk wanda bai wanke hannu ba ya riga ya taɓa. A asibiti da gidan kula da tsofaffi, inda cuta take saurin kama masu rauni, ban ga dalilin da zai sa a zaɓi wani abu ba ita ba. Tawul ɗaya da aka rataye kowa yana gogawa kuwa, gara ma mutum ya tsaya hannunsa ya bushe da kansa.

Sanitaiza tana taimakawa idan sinadarin barasar da ke cikinta ya kai kashi 60 cikin 100, amma ba ta cire dattin da ido yake gani, kuma ba ta da ƙarfi sosai a kan norobairos, ƙwayar da take haddasa amai da gudawa a nan lokacin hunturu. A Japan mutane da yawa suna yawo da ɗan ƙaramin tawul nasu saboda banɗakunan da ba a tanadi abin goge hannu ba, kuma wannan dabara na ara. Ina ajiye tishu a aljihun rigar sanyina, idan na tarar da na'ura kaɗai sai in yi amfani da shi, in kuma ya ƙare sai in tsaya gaban na'urar har tsakanin yatsuna ya bushe, ko da na bayana suna ƙosawa.