Ciyaman, filin makaranta ba kuɗin shiga ba ne

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, hankalin kowa ya koma kan tambaya ɗaya: kuɗin sun iso, ko gwamna ya tare su a hanya? Ana cikin wannan ce-ce-ku-ce, wata ɓarna tana ta ci a hedikwatocin ƙananan hukumomi, ba mai ɗaga kai. Ana yanka filayen jama'a ana sayarwa, kuma an raɗa wa abin suna mai daɗi, wai bunƙasa kuɗin shiga.

A wani ƙaramin gari da nakan je, an rushe katangar firamare ta ɓangaren titi, an jera shaguna a gurbinta. Mai faci da mai cajin waya sun ba azuzuwa baya, janareta na ruri tun hantsi, malami sai ya ɗaga murya kafin na bayan aji su ji. Kududdufin bayan kasuwa, wanda ke shanye ruwan unguwa tun kaka da kakanni, an cike shi da shara da jar ƙasa, an kafa masa duwatsun awo. Burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya ya tsuke har ba ya ɗaukar garke.

In ka yi magana, amsar a shirye take: babu kuɗi. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70 tun Yulin 2024, albashin malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, ga ma'aikatan asibitocin karkara, ga kason masarauta. Kashi 20.6 cikin ɗari da ake ware wa ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, kafin ya fito daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya rame. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma albashi kowane wata ake biya, fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi. In an sayar da gefen makaranta an biya na Maris, me za a sayar a biya na Afrilu? Maƙabarta?

Balle ma ba baitulmali ke cin moriyar ba. Kowa a garin ya san yadda ake yi. A rubuta farashi ɗan kaɗan a takarda, a raba fulotan tsakanin kansiloli da shugabannin jam'iyya da wasu manyan sakatariya, washegari su koma hannun dillalai da farashi ninkin-ba-ninki. Abin da ya shiga asusun hukuma bai kai na gyara rijiyar burtsatse biyu ba. Sannan damina ta zo, ruwan da aka hana masauki ya shiga ɗakunan mutane, ciyaman ya bi gida-gida da buhun shinkafa yana jaje, da kuɗin da aka ce babu. An sayar da akuya ta dawo tana cin danga.

Wanda ke ganin zuzutawa nake yi, ya dubi Kano. A daminar 2022 ruwa ya malale Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa suka ɗora laifin kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa. A Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a filin Idi na Ƙofar Mata a zamanin gwamnatin da ta gabata. Kotu ta ce a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wata gwamnati ta sayar, wata ta rushe, aljihun jama'a ya biya. Jiha ce wannan, tana da ƙarfin ɗaukar asara. Ƙaramar hukumar da ke kukan albashi fa, da me za ta biya?

Masu cewa ai ci gaba ne, matasa sun samu wurin sana'a, su fara gaya mana ko za su yarda a buɗe shagon walda a jikin tagar ajin 'ya'yansu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne doka ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Dokar filaye ta 1978 amana ta ɗora wa gwamna a kan ƙasa, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filin karkara don noma da zama da kiwo. Dokar tsara birane ta 1992 kuma ta tanadi hukumar tsara gari a matakin ƙaramar hukuma. Je ka sakatariya ka nemi taswirar da ta nuna ina ne kasuwa, ina gidaje, ina hanyar ruwa. A wurare da yawa ba za ka samu ba, domin rashinta shi ke ba da damar a yanka duk inda aka ga dama. Ofishin da ke neman kuɗi shi ne ke sa hannu a takardar izinin gini. Ta yaya zai ce a'a?

Hanyoyin kuɗi na halal suna nan a Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulki: kasuwa, tasha, mayanka, harajin gidaje. Su ne aka bar wa 'yan kwangilar haraji masu rasit kala biyu, saboda bin su aiki ne, kuma yana ɓata wa magoya baya rai. A fara da nan. Sannan a auna kowane filin makaranta, maƙabarta, burtali da kududdufi, a manna taswirar a bangon sakatariya, kuma kada a taɓa ko taku ɗaya sai da sa hannun dagaci, ardo da ƙungiyar iyaye da malamai. In ba a yi haka ba kafin kuɗin Abuja su fara sauka kai tsaye, ciyaman zai haɗa biyu, ga asusu ga igiyar awo, kuma babu mai tambayarsa.