Agogon yashi a zane: yawan yashin shi ne maganar

Jama'a, musamman 'yan uwa masu haɗa hotuna da zane a waya da kwamfuta, akwai wata magana da ya kamata mu yi a kan agogon yashi. Da zarar an yi rashi, ko an shiga lokacin tunatarwa, sai ka ga hotonsa ya cika Facebook da WhatsApp: kwalabe biyu baki da baki, yashi na zuba, an rubuta kalmar ta'aziyya ko wa'azi a ƙasa. Niyya mai kyau ce. Amma yawancin hotunan nan ba su faɗin abin da mai su yake nufi, wasu ma suna faɗin akasinsa. Za ka ga sanarwar rasuwar dattijo ɗan shekara tamanin da agogon da kwalbarsa ta sama ke cike maƙil. Ra'ayina shi ne, agogon yashi ma'auni ne kafin ya zama alama, kuma manyan masu zanen da suka ba shi daraja sun san aikinsa ciki da waje. Wanda bai san yadda yake aiki ba zai zana shi a matsayin ado kawai.

Mu fara da ƙirarsa. A Turai, har wajen shekarar 1760, ba a busa gilashinsa a jiki ɗaya. Kwalabe biyu ne daban, a sa wani siririn faifan ƙarfe mai huda ɗaya a tsakaninsu, a liƙe da kakin zuma, a naɗe wuyan da zare tamau, sannan a sa su cikin gidan katako mai ginshiƙai. Shi ya sa a tsofaffin zane-zane za ka ga ƙugun agogon yana da kumburi kamar an ɗaura masa ɗamara. Wannan mahaɗar ita ce rauninsa: iska mai laima na shiga ta nan, garin ciki ya dunƙule, agogo ya tsaya. Hudar ma tana faɗaɗa a hankali saboda gogar ƙwayoyi, sai agogon sa'a ɗaya ya riƙa ƙarewa kafin sa'a ta cika.

Abin da ke ciki kuma sau da yawa ba yashin rafi ba ne. Ana amfani da garin ɓawon ƙwai da aka ƙona aka daka, ko garin darma da kuza, ko garin dutsen marmara. Akwai wani littafin kula da gida da aka rubuta a Paris wajen 1393 da ya ba da yadda ake haɗa shi: a samo garin da ke zuba in ana yanka baƙin marmara na manyan kaburbura, a tafasa shi a giyar inabi, a kwashe kumfar, a shanya a rana, a maimaita har sau tara. Manufar tafasawar ita ce cire maiƙo da ƙura don ƙwayoyin kada su manne da juna. Amma ku lura da inda garin ya fito. Tun kafin masu zane su haɗa wannan agogo da mutuwa, ƙurar duwatsun kabari ce ke zuba a cikin wasunsu.

Dalilin da ya sa yashi ya yi aiki a inda ruwa ke ba da wahala shi ne wannan. Agogon ruwa, wanda injiniyoyin Musulmi irin su al-Jazari suka ƙware a kai (ya kammala littafinsa a 1206), yana da matsala ɗaya babba: in tulun ya cika ruwan na fita da ƙarfi, in ya yi ƙasa sai ya rage gudu, dole sai an yi dabarar daidaita shi. Yashi ba haka yake ba. Ƙwayoyinsa suna tokare juna suna miƙa nauyinsu ga bangon gilashin, don haka nauyin da ke isa bakin huda kusan ɗaya ne ko kwalbar na cike ko ta kusa ƙarewa. Zubar ba ta sauri, ba ta jinkiri. Abin da ke yanke saurinta faɗin huda ne da girman ƙwaya, kuma lissafin ba na kai tsaye ba ne: in ka ninka faɗin hudar sau biyu, zubar za ta ƙaru fiye da sau biyar.

Ga inda abin ya fi daɗin tunani. Zubar daidai take daga farko har ƙarshe, amma ido ba ya ganin haka. Kwalbar sama tana da faɗi a ciki, ta tsuke wajen wuya kamar mazurari. A farko yashi na zuba amma saman ba ya ko motsi, sai ka rantse bai taɓu ba. A ƙarshe kuwa sai ka ga yana zurarewa da gudu. Ku yi lissafin: a mazurari mai tsini sosai, lokacin da tsayin yashi ya sauko rabi, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin takwas. Wato in agogon sa'a ɗaya ne mai irin wannan siffa, sanda ido ke cewa saura rabi, minti bakwai da rabi ne suka rage. Kwalabe na gaske suna da ɗan ciki, lissafin bai kai haka tsanani ba, amma yaudarar tana nan. A ganina wannan ne ya sa babu wani agogo da ya kama yanayin shekarun ɗan Adam kamar wannan. Agogon bango yana zagayowa ya dawo inda ya faro, ba ya nuna maka abin da ya ƙare. Na yashi yana ajiye abin da ya wuce a ƙasa a gaban idonka, yana nuna abin da ya saura a sama.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, zanensa na farko da aka tabbatar ba na mutuwa ba ne. Ambrogio Lorenzetti ne ya yi shi a 1338 zuwa 1339, a bangon zauren majalisar birnin Siena a Italiya, inda mutum tara masu mulkin birnin ke zama. Ya zana kyawawan halayen mulki da siffar mata, sai ya ba wadda ke wakiltar tsakaitawa da kamun kai agogon yashi a hannu. Saƙon ga masu mulki ne: komai da awonsa, kada a yi gaggawa, kada a wuce gona da iri. Wannan ma'anar ta kusa ɓacewa yau, kuma asara ce.

A ƙasashen Jamus ne, farkon ƙarni na 16, agogon ya koma hannun Mutuwa sosai. Albrecht Dürer ya sa shi a manyan zane-zanensa uku da ya sassaƙa a farantin tagulla, kuma kowanne da aikin da yake yi. A na 1513, wani barde na tafe a kan doki cikin sulke, Mutuwa da siffar tsoho ramamme ta sha gabansa ta ɗaga masa agogon, shi kuwa idonsa na kan hanya, ko waiwaye bai yi ba. A nan agogon barazana ce da aka ƙi saurara. A na 1514 mai suna Melencolia I, agogon na rataye a bango kusa da ma'auni da ƙararrawa da wani murabba'in lambobi da kowane layinsa ke ba da 34, yashin ya kai wajen rabi, ga kayan aiki zube a ƙasa, mai aikin, wadda aka zana da siffar mace, ta zauna ta yi tagumi. Lokaci na tafiya, aiki ya tsaya. A na uku, shi ma 1514, malamin Kirista Jerome na rubutu a ɗakinsa, agogon na bayansa a bango, ƙoƙon kan mutum na kan taga, ɗakin cike da hasken rana da natsuwa. Abu ɗaya ne a hotuna uku, amma wanda ke riƙe da shi da inda aka ajiye shi sun sauya maganar gaba ɗaya.

Hans Baldung, almajirin Dürer, ya zana wata budurwa wajen 1510 tana gyara gashi a madubi, Mutuwa ta ɗaga agogon a saman kanta daga baya, inda ba ta gani. Hoton na Vienna yanzu. Hans Holbein kuma, a jerin ƙananan hotuna 41 da aka buga a Lyon a 1538, ya bi mutane daga Paparoma da sarki har zuwa manomi da jariri, Mutuwa na zuwar wa kowa a bakin aikinsa, kuma a da yawa daga cikinsu agogon na ajiye a gefe, a ƙasa ko a kan tebur, ba wanda ya kula da shi. Masu kallo na lokacin sun gane shi nan take domin kayan aikin yau da kullum ne. A jirgin ruwa da na rabin sa'a ake raba gadi, juyi takwas sa'a huɗu, kuma an san matuƙa da ha'incin juya shi kafin ya ƙare don gadinsu ya gajarta. A coci-cocin Ingila ana kafa shi a gefen mumbari don auna tsawon huɗuba.

Daga ƙarni na 17 aka samu salon da ake kira vanitas, wato zanen kayayyakin da ke tunatar da mutuwa da gushewar duniya, wanda ya yi ƙarfi a Holan. Wanda ya fi kowanne tsabta a wurina shi ne zanen Philippe de Champaigne da ke ajiye a birnin Le Mans a Faransa: fure ɗaya a ƙaramar kwalba a hagu, ƙoƙon kai a tsakiya, agogon yashi a dama, a kan dutse, baya duhu. Abu uku, ba ƙari. Daga nan alamar ta bazu kan duwatsun kabari a Scotland da arewa maso gabashin Amurka, sau da yawa da fukafukai, har ta hau tutar wani ɗan fashin teku, Emanuel Wynn, a 1700.

To, ga kurakuran da ake yi yanzu, musamman a hotunan da manhajojin kwamfuta ke ƙirƙirowa. Na farko, yashi ya yi yawa: sama cike, ƙasa ma cike. Jimillar yashin ba ta wuce cikin kwalba ɗaya, galibi ma ƙasa da haka. In sama na da kashi uku cikin huɗu, ƙasa kashi ɗaya ne, ba yadda za a yi. Sai siffar yashin. Na ƙasa ba ya kwanciya shafe kamar ruwa, tsibi yake yi mai tsini, gangarensa tsakanin digiri 30 zuwa 35. Na sama kuma yana lotsawa a tsakiya, ya yi rami daidai saman huda. Zaren da ke zuba siriri ne ƙwarai, bai wuce faɗin hudar ba, kuma a miƙe yake sauka ko da an karkatar da agogon. In ka zana agogo a karkace da zare a karkace, ka karya hoton.

Babban kuskure dai shi ne rashin tambayar kai me ake son faɗa. Ga sanarwar rasuwa, sama ta zama fanko, ba zare, tsibi ya zauna a ƙasa. Wa'adi ya cika. Masu fassara alamomin kaburburan Turawa suna karanta agogon da aka kwantar a gefensa, da sauran yashi a sama, a matsayin rai da aka katse da ƙuruciya. Ban ga dacewar wannan a ta'aziyyar Musulmi ba, domin yana nuna kamar akwai sauran kwana da aka hana mamaci, alhali aya ta 34 a Suratul A'araf ta ce in ajali ya zo ba a jinkirta shi sa'a guda, ba a kuma gaggauta shi. Ga wa'azi ga masu rai kuwa, agogon yashi yana da aibi ɗaya da dole mai zane ya gyara: yana nuna abin da ya saura, mu kuwa ba mu san namu ba. Mafita mai sauƙi ce. A sa kwalbar sama cikin inuwa, ko a rufe ta da ƙyalle, ko a yanke hoton daga wuya, a bar zaren da tsibin ƙasa kawai. Kuma tunda agogon ba abu mai rai ba ne, wanda ke kauce wa zanen masu rai yana iya amfani da shi shi kaɗai, ba sai ya kwaso ƙoƙon kai da kwarangwal daga hotunan Turawa ba.

Shawarata ga mai son aiki mai kyau, ya haɗa nasa ya ɗauki hoto da kansa. A samu kwalaben gilashi biyu iri ɗaya, a manne murafensu baya da baya, a huda tsakiya milimita biyu zuwa uku, a goge bakin hudar ta ɓangarorin biyu, in ba haka ba juyi ɗaya zai fi ɗaya sauri. A wanke yashi har ruwan ya fito garau, a soya shi a busasshen kasko ya bushe ƙayau, a bari ya huce, a tankaɗe sau biyu: rariya mai ɗan faɗi ta cire tsakuwa, mai laushi ta cire ƙura. Faɗin huda ya kai aƙalla ninki biyar ko shida na ƙwaya, ƙasa da haka ƙwayoyi za su tokare juna su toshe bakin. Kada a sa gishiri ko sukari, suna jan laima, damina na shigowa za su dunƙule. Robar ruwa ma ba ta dace ba, da hunturu ƙura na manne wa jikinta ta dusashe hoton. A auna da agogon waya sau da yawa ta kowane juyi, a ƙara ko a rage yashi har a samu lokacin da ake so.

Wajen ɗaukar hoto, a sa baƙin ƙyalle a baya, haske ya zo daga gefe ko ɗan baya, don gefunan gilashin su fito kuma kada fitila ta yi tabo a cikin kwalbar. A kashe filashin waya. In kyamarar na ba da damar saita saurin ɗauka, 1/1000 na daƙiƙa zai tsayar da ƙwayoyi ɗaya-ɗaya a iska, 1/30 kuma zai mayar da su zare ɗaya santal, amma a wannan dole a kafa wayar a kan abu don hannu kada ya girgiza ta. A goge gilashin kafin a fara, domin hasken gefe yana fito da kowane sawun yatsa.